Gas daga ciyawar ruwa da kashin dabbobi: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya taɓa taka taɓo a bakin fadama ya ga kumfa tana tasowa daga ƙarƙashin ƙafarsa, to ya riga ya ga bayogas da idonsa. Abin da ake yi a tankin gas kwaikwayon wannan taɓon ne: a rufe shi, a hana iska shiga, a tara abin da ke fitowa. Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin masu son haɗa kashin dabbobi da ciyawar da ke toshe ruwa don samun wutar girki. Na tsaya sosai a kan waɗanda aikin ke lalacewa a kansu, na wuce da sauri a kan sauran.

Mene ne bayogas?

Iska ce da ƙananan halittu ke fitarwa yayin da suke cin abin da ya mutu, ganye ne ko kashi, a wurin da oksijin ba ya shiga. Kaso 50 zuwa 70 cikin 100 nata metan ne, kuma shi ne ke kamawa da wuta. Mafi yawan ragowar kabon dayoksaid ne, sai tururin ruwa da ɗan haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kubik mita ɗaya, wato lita 1,000, yana ɗauke da zafin da ya kai kusan kilowat 6 na awa guda.

Sanin abin ya daɗe. A 1776 Alessandro Volta ya riƙa zungurar laka a cikin ciyayin bakin Tafkin Maggiore da ke Italiya, yana tara kumfar a kwalba, ya ga tana cin wuta. A 1895 an kunna fitilun titi a garin Exeter na Ingila da gas ɗin da aka samu daga tankin ƙazantar gari. Abin lura, tun farko daga cikin ciyawar ruwa aka gano shi.

Yaya ruɓewar take gudana a cikin tanki?

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar tankin ita ce a ɗauke shi kamar tumbin saniya. Duhu ne, da ɗumi, da danshi, babu iska, kuma halittun da ke aiki a ciki dangin na tumbin ne. Shi ya sa kashin shanu yake zuwa da ma'aikatansa.

Aikin hawa huɗu ne. Rukunin farko na bakteriya suna farfasa ganye da kashi su mayar da su abin da ke narkewa a ruwa. Na biyu su mayar da wannan zuwa asid iri-iri. Na uku su juya asid ɗin zuwa asetik da haidirojin da kabon dayoksaid. Na ƙarshe su ne masu yin metan, kuma su ba bakteriya ba ne ma, wani jinsi ne daban da ake kira arkiya, wanda Carl Woese ya nuna bambancinsa a 1977.

Abin da ya kamata mai tanki ya riƙe a nan guda ne. Masu yin asid suna da saurin ci da saurin haihuwa, masu yin metan kuwa suna da nawa, ga saurin jin jiki. Idan aka cika wa tanki abinci, na farko za su yi ta zuba tsami har ya fi ƙarfin na ƙarshe, sai tankin ya yi tsami, gas ya tsaya. Masu yin metan sun fi sakewa idan ma'aunin tsami na pH yana tsakanin 6.8 da 7.5. Kusan duk wata shawara da ke wannan shafi, idan aka bi diddiginta, a kan kare waɗannan masu nawar take.

Wace ciyawar ruwa ce ta dace?

Wadda aka fi magana a kanta a duniya ita ce kainuwa mai fure shuɗi-shuɗi da kara mai kumburi, wadda masana ke kira Eichhornia crassipes. Asalinta yankin Amazon ne a Kudancin Amurka, kyawun furenta ya sa aka yi ta yawo da ita. An nuna ta a wani baje koli a birnin New Orleans na ƙasar Amurka a 1884, daga nan ta mamaye kogunan kudancin ƙasar. Ta bayyana a Tafkin Biktoriya a ƙarshen shekarun 1980, kafin ƙarshen shekarun 1990 ta toshe tashar jiragen ruwa ta Kisumu a Kenya, tana kuma shiga mashigar ruwan madatsar lantarki da ke Jinja a Uganda. A ruwa mai ɗumi da taki, tana iya ninka kanta cikin mako biyu. Ganyenta da kararta masu laushi ne, suna ruɓewa ba wahala.

Kainuwa ta ainihi, Pistia stratiotes, mai ganye kamar buɗaɗɗen tafin hannu, ita ma tana yi, haka ganyen bado da ciyayin da ke nutse a ƙarƙashin ruwa.

Kacalla dabam ce. Idan ta tsufa kararta tana cika da liginin, sinadarin da ke sa itace tauri, kuma halittun tanki ba sa iya cin sa. Sai dai a yanke ta tana ɗanya shar, kafin ta fitar da kai, a daddatsa ta ƙanana. Tsohuwar kacalla ta fi amfani a wani fannin. A kwarin Kogin Senegal, inda ta bazu bayan kammala madatsar Diama a 1986, ana mayar da ita gawayi da kayan gini, kuma a ganina wannan ya fi dacewa da busasshiyarta.

Ciyawar kaɗai ba za ta isa ba? Me ya sa sai an haɗa da kashi?

Za ta ba da gas, amma tankin ba zai zauna lafiya ba. Dalili uku ne. Na farko, ciyawa ba ta zuwa da masu yin metan masu yawa, kashi ne ke kawo su kullum. Na biyu, kashi yana da abin da ke shanye tsami, don haka yana tare tankin idan ciyawa ta saki asid da sauri. Na uku shi ne daidaiton abinci: halittun suna son kabon ya ninka naitirojin sau 20 zuwa 30. Kashin shanu yana kusa da wannan, na kaji naitirojin ya yi masa yawa, tsohuwar ciyawa kuma kabon ya yi mata yawa. Idan aka gauraya, kowanne ya rufe ramin ɗan'uwansa.

Ita ma ciyawar tana da abin da take kawowa. Kashin shanu abinci ne da aka riga aka ci sau ɗaya, saniya ta kwashe mai daɗin. Ciyawar ruwa sabuwa ce, ba wanda ya taɓa ta. Ga mai shanu biyu da kashinsu bai isa girkin gida ba, ita ce ke cike giɓin. Amma a riƙe cewa kashi ne ginshiƙin aikin, ciyawa ƙari ce.

Wane gwargwado ake haɗawa?

Shawarata ga tankin gida: idan aka auna a bushe, kashi ya zama biyu cikin uku, ciyawa ɗaya cikin uku. Wanda ya ƙware, yana da na'urar juyawa a tankinsa, zai iya kai wa rabi da rabi. Kada a fara da haka. A fara da kashi zalla, sai tankin ya kama, sannan a shigo da ciyawa kaɗan, a riƙa ƙarawa mako-mako ana duba launin wuta da yawan gas.

Kwaɓin da ke shiga tanki ya kamata abu mai ƙarfi a cikinsa ya kasance kaso 8 zuwa 10 cikin 100. Ɗanyen kashin shanu kan buƙaci ruwa daidai da yawansa. Da ciyawa a ciki ruwan da za a zuba yana raguwa, don ita da guzurin ruwanta take zuwa.

Yaya ake shirya ciyawar kafin a zuba?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin masu gwadawa ke faɗuwa.

Ɗauki karar kainuwa mai fure guda ɗaya ka tsaga ta da farce. Cikinta fari ne, kamar soso, cike da ƙananan ramukan iska. Matse ta a hannu, za ka ji tana ɗan ƙara, ruwa ya biyo yatsunka, abin da ya rage a tafinka bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Wannan ɗan gwajin ya faɗa maka matsalolinta biyu. Kusan kaso 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne, don haka wanda ya ɗauko kilo 100 ya ɗauko kilo 5 ne na abincin tanki. Kuma ramukan iskar da suke sa ta yawo a kan tafki za su sa ta yawo a cikin tanki ma.

Idan aka zuba ta yadda aka ciro ta, za ta taso sama, ta haɗu da zaren ciyawar da ke cikin kashi, su yi ɓawo. Da farko ɓawon laushi gare shi. Bayan 'yan watanni ya bushe ya yi kauri kamar tabarma da aka ninka, gas ya kasa ratsawa, bututun fita ya toshe. Mai tanki yana ta zuba abinci, murhu kuma shiru.

Maganin shi ne a yi mata waɗannan abubuwa. A yanke saiwar, ko aƙalla a wanke ta, saboda yashi da laka a nan suke maƙalewa, kuma yashin da ya shiga tanki ba ya fita, ƙasa yake kwantawa ya cinye wuri. A daddatsa kara da ganye su zama kamar gaɓar yatsa, santimita 2 zuwa 3, wanda ya samu injin niƙa ko turmi ya murƙushe su ya fi, don murƙushewar ce ke fasa ramukan iskar. A shanya ta kwana ɗaya ko biyu ta yi yaushi, nauyi ya ragu, amma kada ta bushe ƙarau, busasshiya ta fi ɗanya yawo. Daga nan a jiƙa ta kwana biyu zuwa uku a cikin ruwan da ya fito daga tankin, wanda ke cike da halittun da suka saba da aikin. Za ka ga ta yi duhu, ta yi laushi, ta fara nutsewa da kanta. Sannan a kwaɓa da kashi a zuba.

Ko bayan duk wannan, tankin da ke cin ciyawa yana bukatar motsawa kullum, kuma yana bukatar ƙofa mai faɗi da za a iya buɗewa a kwashe ɓawo idan ya taru. Duk wanda zai gina maka tanki, ka faɗa masa tun kafin ya haƙa rami cewa ciyawa za ta shiga, ya faɗaɗa bututun shiga.

Gas nawa zan samu, kuma zai ishi gida?

Kilo ɗaya na ɗanyen kashin shanu yana ba da kusan lita 40, wato kilo 25 ke ba da kubik mita ɗaya. Kilo ɗaya na ɗanyar kainuwa mai fure yana ba da wajen lita 10 zuwa 15, saboda yawan ruwanta. Bakin murhu ɗaya yana shan lita 200 zuwa 450 a awa, gwargwadon girmansa.

A ce gida yana bukatar lita 1,500 a rana. Da kashi kaɗai, sai an samu kusan kilo 40 kullum. Idan kilo 25 ake da shi, ya ba da lita 1,000, sauran 500 kuma sai an kawo ɗanyar ciyawa wajen kilo 40. Kullum ne fa, har ranar da jiki bai so. Wannan lissafin nake so kowa ya yi kafin ya sayi siminti: wa zai shiga ruwa, wa zai ɗauko, wa zai daddatsa, kuma tafiyar minti nawa ce daga bakin ruwan zuwa tanki? Idan da nisa, ɗaukar ciyawar ɗaukar ruwa ne kawai, kuma gajiya za ta kashe aikin tun kafin shekara ta zagayo. Ana kuma ƙidaya kashin da ake iya tarawa ne kaɗai. Dabbar da ke wuni a daji, rabin kashinta can take barin sa.

Wane irin tanki, kuma yaya girmansa?

Girman yana fitowa daga lissafi mai sauƙi: abin da ake zubawa a rana, sau kwanakin da zai zauna a ciki. A ƙasa mai zafi kwana 30 zuwa 50 ne, kuma da ciyawa a ciki gara a karkata ga mai tsawon. A misalinmu, kashi kilo 25 da ciyawa kilo 40 da ruwa lita 15 sun kai kusan lita 80. Sau kwana 40, lita 3,200 ke nan. A ƙara wurin tara gas, tankin ya kama kubik mita 4 zuwa 5.

Iri uku aka fi sani. Akwai mai ƙubba da ake ginawa da bulo a ƙarƙashin ƙasa, wanda ya yaɗu daga Sin, Indiya kuma ta fitar da nata mai rahusa da ake kira Deenbandhu a 1984. Yana daɗewa, ƙasa tana riƙe masa ɗumi, amma sai magini ya iya, don tsaga kamar gashi a ƙubbar ta isa ta zubar da gas. Akwai mai ganga da ke yawo a kan kwaɓin, tana tashi idan gas ya taru, wanda KVIC, hukumar raya sana'o'in karkara ta Indiya, ta yaɗa. Ƙarfin gas ɗinsa a daidai yake koyaushe, kuma ana iya juya gangar ta fasa ɓawo, sai dai ƙarfen yana tsatsa. Sai na leda mai tsawo da ake shimfiɗawa a rami, mai sauƙin kafawa da saurin hujewa. Ga mai ciyawa, na fi karkata ga mai ganga, ko mai ƙubba da aka yi wa sandar motsawa.

Yaya ake tayar da sabon tanki?

A cika shi da ɗanyen kashin shanu da ruwa. Idan akwai tanki mai aiki a kusa, a roƙi bokiti kaɗan na ruwansa a zuba, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Abin cikin tumbi daga mayanka ma yana yi. Sai a rufe a jira, kada a ƙara komai. Cikin mako biyu zuwa huɗu gas zai fara taruwa. Na farkon yawanci kabon dayoksaid ne gauraye da iskar da aka rufe a ciki, ba ya ci da kyau kuma yana da haɗari, don haka a sake shi a fili sau ɗaya ko biyu, nesa da wuta. Ranar da murhu ya ba da wuta shuɗiya mai tsayawa da kanta, tankin ya kama. Daga nan a fara ciyarwa kullum, a lokaci ɗaya, da gwargwado ɗaya.

Sanyi yana shafar sa?

Ƙwarai. Halittun tankin gida sun fi aiki a digiri 35 zuwa 37, kusan ɗumin jikin dabba. Ƙasa da 20 gas yana raguwa a fili, ƙasa da 15 kuma ya kusa tsayawa. Sauyin zafi na bazata ya fi sanyin kansa cutar da su. A lokacin sanyi a kwaɓa da ruwan da ya sha rana, a zuba da tsakar rana, a lulluɓe saman tanki da ciyawa ko buhuna, a kuma rage abinci kaɗan tunda cin ya ragu. Manyan masana'antu suna dumama nasu zuwa digiri 50 zuwa 55 don sauri, amma wannan ba aikin gida ba ne.

Gas ya ragu, ko wuta ta ƙi kamawa. Me ya faru?

A bi abin daga waje zuwa ciki. Fara da bututu: gas yana fitowa da danshi, ruwan yana taruwa a inda bututun ya lotsa, ya tare hanya. Alamarsa wuta mai tsalle-tsalle da ƙarar gulgul a cikin bututu. Shi ya sa ake sa matarar ruwa a wuri mafi ƙasa, ana zubarwa duk mako. Sannan a shafa kumfar sabulu a kowane mahaɗi da bawul, inda ta yi balan-balan nan ne yoyo.

Idan waje lafiya, a sunsuni abin da ke fitowa daga tanki. Mai lafiya baƙi-baƙi ne, warinsa kamar na jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙuda ma ba su cika damuwa da shi ba. Idan ya koma ruwan toka-toka mai tsami yana hawa hanci, kuma gas yana fita amma ba ya ci, to tankin ya yi tsami. A daina ciyarwa gaba ɗaya na mako ɗaya ko biyu. A zuba ɗanyen kashin shanu ko ruwan wani tanki mai lafiya, in ya yi tsanani a ƙara ruwan toka kaɗan-kaɗan. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga gas ya ragu a ƙara abinci, wato a ɗura wa mai kumburin ciki.

A kuma tuna me ya shiga kwanan nan. Ruwan sabulu, maganin wanke garke, maganin ƙwari, ko kashin dabbobin da ake yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta, duk suna iya karya tanki. Haka ciyawar da aka yi wa feshi.

Kashin kaji, awaki da sauran dabbobi fa?

Na kaji yana ba da gas fiye da na shanu, amma yana sakin amoniya mai yawa wadda ke gurgunta masu yin metan, kuma a nan ne haɗa shi da ciyawa ya fi amfani. A guji wanda ya cakuɗe da dusar katako. Na awaki da tumaki ƙwaya-ƙwaya ne masu tauri da ke yawo, sai an jiƙa an murje. Busasshen kashi kowane iri ya riga ya yi asarar wani ɓangare na gas ɗinsa.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma ba na son kowa ya ɗauke shi da wasa. Metan yana fashewa idan ya kai kaso 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar ɗaki. Ɗakin girki ya kasance da taga, a kunna ashana kafin a buɗe bawul, kuma kada a taɓa neman yoyo da wuta.

Wanda ya fi kisa shi ne shiga cikin tanki. Ko an kwashe shi, babu oksijin a ciki, ga haidirojin salfaid, wanda idan ya yi yawa yake kashe jin warin hanci, mutum ya zaci wurin ya washe. Sau da yawa na biyu da ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. Ba a shiga sai an bar shi a buɗe kwanaki ana hura masa iska, da igiya a ƙugu, da mutane a sama. Bakin shiga da na fita kuma a rufe su saboda yara.

Wannan iskar mai wari tana cin ƙarfe. Ana rage ta ta hanyar bi da gas ɗin cikin gwangwani mai cike da tsatsattsen sosan ƙarfe ko ɓarɓashin ƙarfe, ana sauyawa idan ya yi baƙi.

Zan iya ɗura shi a tukunyar gas in ajiye ko in sayar?

A'a, ba kamar gas ɗin da aka saba saye ba. Wancan yana zama ruwa da ɗan matsi. Metan ba ya zama ruwa a zafin da muke rayuwa a ciki komai matsin, sai an sanyaya shi, kuma ba tare da matsi ba sai ya kai digiri 162 ƙasa da sifili. Ana ajiye bayogas na gida a babbar jakar roba, a yi amfani da shi a ranar ko washegari. Murhunsa ma sai mai manyan ramuka, don ba shi da ƙarfin turi.

Zai tayar da janareta?

Zai tayar, idan an tace danshi da iskar mai wari. Kubik mita ɗaya yana ba da lantarki wajen kilowat 1.5 zuwa 2 na awa, sauran zafin ya tafi a banza. Ga ƙaramin tanki, girki ya fi riba nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, mata da yara ne suka fi shaƙar sa. Gidan da ya raba mai girki da hayaƙi ya riga ya ci babbar ribar.

Abin da ke fitowa daga tanki taki ne? Yana da lafiya?

Taki ne mai kyau. Naitirojin da fosfaros da fotasiyam ba sa bin gas, suna nan, kuma wani ɓangare na naitirojin ya koma yanayin da shuka ke sha nan take. Amma yana gudu idan aka bar ruwan a rana, don haka a rufe ramin, ko a zuba a gona a turbuɗe, ko a gauraya da busasshiyar ciyawa a yi takin gargajiya.

Akwai tsoro uku. Tankin gida yana rage ƙwayoyin cuta amma ba ya kashe su duka, ƙwan tsutsar ciki musamman yana da taurin kai, don haka kada a zuba a kan ganyen da ake ci ɗanye. A Tarayyar Turai ƙa'idar tsabtace irin wannan ita ce digiri 70 na awa ɗaya, abin da tankin gida ba ya kaiwa. Na biyu, kainuwa mai fure tana zuƙar ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyam da makuri daga ruwa. Saboda wannan halin ne ma masu bincike na hukumar NASA suka gwada ta wajen tace ruwan ƙazanta a jihar Mississippi a shekarun 1970. Ruɓewa ba ta kashe ƙarfe, abin da ciyawa ta sha yana komawa cikin taki. Wadda aka ciro daga ruwan da masana'anta ko majema ko wurin haƙar ma'adinai ke zuba wa datti, takinta bai dace da gonar abinci ba. Na uku, irinta yana iya rayuwa sama da shekara 20, don haka a cire ta kafin ta yi fure, kuma kada a bar ruwan tanki ya gangara kogi.

Shin wannan zai kawar da ciyawar daga ruwa? Ko in shuka tawa?

Ba zai kawar ba. Tanki ɗaya yana cin kilo 40 a rana, ciyawar kuma tana ninkuwa a mako biyu. Abin da ya karya ta a Tafkin Biktoriya ya haɗa da wasu ƙwari na jinsin Neochetina 'yan asalin mahaifarta da aka saki a shekarun 1990, kuma duk da haka tana dawowa, don abin da ke ciyar da ita, wato takin gona da ƙazantar gari da ke kwarara cikin ruwa, bai tsaya ba. Abin da tanki ke yi shi ne ya ba mutane dalilin share mashaya da mashigin kwalekwale da bakin magudana a kai a kai, kuma abin da aka share ya tafi inda zai yi amfani. Tulin da aka bari yana ruɓewa a bakin ruwa metan yake saki a sama, iskar da ta ninka kabon dayoksaid wajen dumama duniya kusan sau 28 a tsawon shekara 100. Tanki mai yoyo ma haka yake yi.

Batun shukawa kuwa, ina roƙo kada a yi. Ana ce wa kainuwa dashen Allah don ba ta jiran kowa ya dasa ta. Kai ta ruwan da babu ita saboda gas, ɗaukar wa jama'a gaba ɗaya masifa ne, kuma ƙasashe da dama sun haramta safararta.

Me mai shiga ruwa ya kamata ya kiyaye?

Ciyawar ruwa gidan ƙananan katantanwa ne masu ɗauke da cutar tsargiya, wadda ke shiga ta fata ba tare da an ji ba. A yi amfani da doguwar ƙugiya ko manjagara daga bakin ruwa ko daga cikin kwalekwale, da takalmin roba mai tsawo da safar hannu. Macizai ma suna fakewa a ciki. Kada a ɗora wa yara wannan aikin. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan mu'amala da ruwan ya je asibiti, akwai magani.

Idan ciyawa ta yi ƙaranci a wani lokaci na shekara fa?

Ana iya adana ta. A daddatsa, a bari ta yi yaushi, a danna ta sosai a ganga ko rami mai leda, a rufe ruf yadda iska ba za ta shiga ba. Za ta yi tsami ta zauna watanni. Sai dai tunda da tsaminta za ta fito, a riƙa ba tanki ita kaɗan-kaɗan tare da kashi. In kuma ta ƙare, a koma kashi zalla a ƙara ruwan kwaɓi, amma a yi sauyin cikin mako guda ko biyu, ana rage wannan ana ƙara wancan.